Tun Ran Gini, Ran Zane: Adon Birnin Zariya

Mutane da yawa su kan sami hutun kwana biyu ko uku, su shiga mota su tafi wani gari don buɗe ido. Wannan al'ada ce mai kyau, gama tafiya mabuɗin ilmi ce. Amma sau da yawa a kan ga mutum ya je gari ya komo, in an tambaye shi abin da ya gano, sai ya ba da labarin kasuwa da tsadar masauki, ya nuna hoton da aka ɗauke shi a ƙofar fada, shi ke nan. Ya wuce ta gaban abubuwan da suka cancanci a tsaya a duba, bai ko ɗaga kai ba, domin ba a taɓa nuna masa yadda a ke dubansu ba.

Ko wane babban gari yana da ado irin wanda aka yi a sarari don idon jama'a. Ba a biyan ko kwabo kafin a gan shi, ba a kuwa kulle shi a ɗaki. Yana jikin bangon gidaje, da ƙofofin gari, da masallatai, da mararrabar hanyoyi. Irin wannan ado shi ne tufafin gari, kuma kamar yadda a ke gane halin mutum daga rigarsa, haka a ke gane halin gari daga adonsa. To, tun da ya ke kowa na ganinsa, ya kamata kowa ya iya rarrabe mai kyau da wanda bai kai ba. Birnin Zariya wuri ne mai kyau na koyon wannan, don a cikinsa ana samun tsohon aiki da sabo kusa da juna.

Zariya tana wajen mil 50 arewa da Kaduna. Baƙon da ya nufi tsohon birni ya kan shiga ta ɗaya daga cikin ƙofofinsa, kamar Ƙofar Doka, ko Ƙofar Kuyambana, ko Ƙofar Gayan. Ganuwar da ta haɗa ƙofofin nan ana danganta ta da zamanin Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku, watau ƙarni na 16. Yanzu ta zaizaye ƙwarai, ruwan sama ya ci wani sashi, masu ɗibar ƙasa sun ci wani, a wurare da dama sai tudu kaɗai ya rage. Duk da haka, da mutum ya ƙetare ta ya san ya shiga wani wuri dabam da Tudun Wada ko Sabon Gari. Lunguna sun ƙuntata, ga zauruka suna fuskantar hanya, ga zankwaye a kan soraye.

Kafin a soma dubawa, sai a sami ma'auni. Ba sai an je nesa nemansa ba, yana cikin karin maganar nan da a ke cewa, tun ran gini ran zane. Mai ginin tukwane ba ta jiran tukunya ta bushe kāna ta yi mata zane, sai tun yumɓu yana ɗanye. Haka magini. Adon da ya fi ƙarko, ya fi kuma kwanciya a ido, shi ne wanda aka fitar daga jikin ginin tun yana ɗanye, har ya zama ba a iya raba ginin da adonsa. Wanda aka zo aka shafa daga baya, ko da ya fi ƙyalli, baƙo ne a jikin bango, kuma baƙo ba ya daɗewa. Da wannan ma'auni za a auna abubuwa huɗu da mai yawon buɗe ido zai tarar a Zariya: tsohon Masallacin Jumma'a, da fuskokin gidaje, da ƙofar fada, da aikin 'yan makaranta na Samaru.

Ba a gane darajar masallacin sai an san wahalar da maginin ƙasa ya ke fama da ita. Kayan aikinsa ƙasa ce da a ke kwaɓawa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana, sa'an nan a mulmula tubali da hannu a shanya a rana. Abin da ke riƙe rufi kuwa azara ce, wadda a ke tsagawa daga itacen giginya, don gara ba ta cinta da sauƙi. Amma azara tana da iyaka. In aka gitta ta a kan sarari wanda ya wuce ƙafa 6 ko kusa da haka, aka ɗora mata nauyin ƙasa, sai ta lanƙwashe. Saboda haka wanda ya ke son ɗaki mai faɗi dole ya yi dabara. Dabarar da magina suka gano ita ce bakan gizo. A kan dasa azara a jikin bango, a ɗaura wata a kanta ta ɗan zarce, a sake ɗaura wata, daga wannan gefe da wancan, har su haɗu a tsakiya, sa'an nan a lulluɓe su da ƙasa. In bakan gizo biyu ko fiye suka gitta juna, sai a sami abin ɗora tulluwa a bisa. Don kare ginin daga ruwa a kan shafe shi da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda a ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara.

Wanda ya kai wannan sana'a matuƙa shi ne Malam Mika'ilu, wanda a ke kira Muhammadu Durugu, aka fi saninsa da Babban Gwani. Shi ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, sarki na uku na Filani, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Har yau akwai unguwa a cikin birni da a ke kira da sunan Babban Gwani. Ana ba da labari wai daga baya wani sarki ya sa ya yi masa gini, da ya gama sai ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi game da manyan magina a ƙasashe da yawa, kuma abin da ya ke nunawa shi ne yadda mutanen dā suka ɗauki gwanin magini, watau dukiya ce da sarakuna ke kishi a kanta.

Wanda ya shiga tsohon ɗakin salla, abin da zai fara lura da shi shi ne kaurin ginshiƙai. Daga kansu bakan gizo ke tashi, su rabu kamar rassan itace, su je su haɗu da 'yan'uwansu a ƙarƙashin rufi. Zanen da ke jikinsu manya ne, masu zurfi, ba su da tarkace. Akwai layuka a tsaye da ke bin tsawon ginshiƙi, akwai masu kusurwa uku, akwai da'ira, akwai kuma gaɓoɓi da ke bin lanƙwasar baka. In an duba da kyau za a ga ko wane zane yana bin hanyar da nauyin ginin ya bi. Inda ginshiƙi ya ke ɗauke da kaya, zanen ya miƙe tsaye, ya ƙara masa kamannin ƙarfi. Inda baka ya lanƙwasa, zanen ya lanƙwasa tare da shi. Ba a nemi taimakon launi ba, haske kaɗan da ke shigowa shi ke fitar da zanen, ya bar inuwa a cikin zurfinsa. Kuma adon bai ɗauke hankalin mai salla ba, gama an yi shi daidai da natsuwar wurin. Wannan shi ne ran gini ran zane a cikakkiyar siffarsa, kuma babu wani aiki a Zariya da ya kama ƙafarsa.

A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na siminti, aka bar tsohon ɗakin salla a cikinsa. Ana iya duban wannan ta fuska biyu. Jama'a ta yi yawa, tana bukatar wuri, kuma sabon rufin ya tsare tsohon ginin daga ruwan sama, wanda shi ne babban abokin gābar ƙasa. Wannan abin godiya ne. Amma an yi hasara kuma, don mai wucewa ba ya ƙara ganin siffar ginin Babban Gwani daga waje. Baƙo na iya tsayawa a filin fada ya dubi masallacin, ya tafi bai san abin da ke ciki ba. Wani masanin gini mutumin ƙasar Foland, mai suna Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi a takarda, har aka gina kwaikwayonsa a gidan adana kayan tarihi na Jos. Aiki ne mai amfani, sai dai kwaikwayo ba ya zama asali, kuma bai kamata mutumin da ya iso Zariya ya koma gida bai nemi izini ya ga na ainihi ba.

Daga masallaci sai fuskokin gidaje. A zamanin dā ado ya fi yawa a cikin ɗaki, a soron sarki, ko na attajiri, ko ɗakin amarya. Fitowarsa waje da yawa abu ne na ƙarni na 20, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da kuɗin gyaɗa da na auduga suka shiga hannun 'yan kasuwa. Wanda Allah ya buɗa wa sai ya kira magini ya yi wa zaurensa ado, don kowa ya gani ya san mai gidan ya samu. Abin ya yawaita har wani Bature mai suna Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kan gidajen nan a 1963.

Hanyoyin yin wannan ado uku ne. Ta fari, a mulmula ɗanyar ƙasa da hannu a jikin bango, zanen ya fito tudu-tudu kamar igiya. Ta biyu, a yi yaɓen siminti, tun bai bushe ba a yanka zanen a ciki da wuƙa ko cokalin gini. Ta uku, a bar bango sumul a zana da fenti. Siffofin da a ke yi kuwa da yawa an aro su daga wasu sana'o'i. Dagi, wanda aka mayar alamar Jihar Arewa a zamanin Sardauna, yana jikin riguna tun kafin ya hau bango. Akwai waɗanda aka ɗauko daga zayyanar allo, akwai na aikin dukawa. Sa'an nan magina suka ƙara da abubuwan zamaninsu, kamar takobi, da bindiga, da keke, da agogo, da mota, har da jirgin sama. Wani lokaci a kan rubuta sunan mai gida ko shekarar da aka yi aikin.

Waɗansu masu son tsohon abu su kan raina keken nan da motar, su ce sun ɓata al'ada. Wannan hukunci bai yi daidai ba. Maginin da ya sa keke a bango ya yi abin da kakansa ya yi sa'ad da ya sa takobi, watau ya zana abin da mutanen lokacinsa ke alfahari da shi. Abin tambaya shi ne ko keken ya zauna daidai a wurinsa. A gidajen da gwanaye suka yi, za a ga adon ya kewaye ƙofar zaure, ya yi mata kamar wuyan riga, ya hau har zuwa zankwaye, ya bar sauran bango fili don ido ya huta. Ƙafafun keken su kan zama da'ira biyu da suka yi daidai da sauran da'irorin da ke kewaye. A gidajen da 'yan koyo suka yi kuwa, sai a ga an cika bango tun daga ƙasa har sama, ba a san inda zane ya fara ba balle inda ya ƙare, ƙofar ma ta ɓace a ciki. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Akwai wata shawara ga mai son ganin waɗannan gidaje. Kada ya fita da tsakar rana. Zanen tudu da inuwa ya ke rayuwa, in rana tana tsaka sai ya kwanta, ya zama kamar babu. Da hantsi ko da la'asar, sa'ad da haske ke zuwa daga gefe, ko wane layi ya kan tashi ya fito sarai. Wanda ya ga bango ɗaya a waɗannan lokatai biyu zai yi tsammani bango biyu ya gani. Nan ne fifikon hanya ta fari da ta biyu ya ke bayyana a kan ta uku, domin fenti kamanninsa ɗaya ne safe da yamma, sai dai ya koɗe.

Wannan ya kawo magana kan ƙofar fada, wadda ita ce baƙi suka fi ɗaukar hoto. Fuskar da a ke gani yanzu ginin zamani ce, an cika ta da zane iri iri, an shafa launuka masu haske, ja da kore da shuɗi da rawaya. Ba a musun kyanta. Daga nesa ta kan cika ido, kuma ran hawan Salla, sa'ad da dawaki da 'yan lifida suka cika filin, launukan nan su kan dace da kayan mahaya ƙwarai. Ƙofar sarki aikinta ke nan, ta nuna girma tun daga nesa, kuma ta yi aikinta. Sai dai in aka auna ta da ma'aunin da aka ɗauka tun farko, za a ga launi ne ke riƙe da ita. Da za a shafe ta duka da farar ƙasa, da rabin kyan ya tafi, alhali kuwa ginshiƙan Babban Gwani ba su da abin da za su rasa. Aibin ma ba a fada ya ke ba, yana wurin masu kwaikwayo. Yanzu duk wanda ya ke son a ce gininsa na gargajiya ne, ko otal ne ko ƙofar makaranta ko shataletalen hanya, sai ya gina akwatin bulo, ya kafa masa zankwaye na siminti, ya sa mai fenti ya zana dagi. Dagin nan bai san ginin ba, ginin bai san shi ba. Damina biyu ko uku, sai fenti ya soma ɓarewa, abin ya koma abin tausayi.

Kafin baƙo ya bar Zariya, ya kyautu ya bi hanyar Sakkwato zuwa Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta ke, wadda aka kafa a 1962. A sashen koyon zane da sassaƙa akwai wani fili inda a ke ajiye ayyukan ɗalibai a sarari, na siminti da na ƙarfe, waɗansu siffar mutane, waɗansu siffar dabbobi, waɗansu kuwa siffa ce kurum ba ta kama da kome. Musulmi da yawa ba su sakin jiki da siffar abu mai rai, shi ya sa irin wannan aiki ya tsaya a harabar makaranta, bai shiga birni ba. Amma akwai darasi a tarihin wurin. A 1958, tun makarantar tana kwaleji, waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiya, cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne kada ɗan Nijeriya ya tsaya kwaikwayon Turawa kaɗai, ya koyi dabarun zamani ya haɗa da gadon gidansu. Okeke ya koma ga zanen uli na ƙasar Ibo. Nwoko ya zama magini, ya riƙa aiki da kayan da ƙasarsa ta ke da su, har aka ba shi babbar lambar girma ta masu tsara gini a birnin Banis na Italiya a 2023. Abin da suka faɗa ran gini ran zane ne da wasu kalmomi, gama sun gane adon da bai tsiro daga wurinsa ba aro ne. Ɗalibin da ke neman irin wannan gado a yau ba ya bukatar doguwar tafiya, yana nan cikin ganuwa, 'yan mil kaɗan daga ajinsa.

Abin da ke cikin haɗari ya fi bango. Ginin ƙasa yana bukatar gyara, in damina ta wuce a duba indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe. Mutane suna ganin wannan wahala ce, kuma gaskiya ne wahala ce, ba a kuwa zargin mai gida don ya zaɓi bulo da kwano ya huta. Amma gyaran nan na shekara shekara shi ne makarantar magina. A wurinsa yaro ke bin ubansa, ya koyi kwaɓa ƙasa, ya koyi ɗaurin azara, har hannunsa ya faɗa ya soma fitar da zane. Da aka daina kiran magina gyara, sai yaran suka kama wasu sana'o'i. Gidan da ya rushe ana iya tayar da shi in akwai wanda ya iya, amma in masu iyawa suka ƙare, hoto da takarda ba su tayar da bakan gizo.

Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan kowa. Hukuma, in za ta yi ginin da jama'a za su gani, ta kira magina tun ran da a ke shata harsashi, kada ta bari sai an gama a nemo mai fenti. Attajirin da ke gina sabon gida, ko zaure ɗaya ya bari a yi masa da hannun gwani, ya biya shi hakkinsa da kyau, don yaran gwanin su ga sana'ar tana ciyar da mai ita. Wanda ya gaji tsohon gida mai zane ya san abin da ke hannunsa kafin ya sa a farfashe. Mai yawon buɗe ido kuwa, nasa ya fi sauƙi. Ya tashi da wuri, ya bar mota a bakin hanya, ya shiga lungu da ƙafa. In ya ga zauren da ya burge shi, ya yi sallama, ya gai da mai gida, ya tambayi sunan wanda ya yi aikin. Mai gidan da ya ga baƙo ya taso daga wani gari don ya dubi bangonsa, zai yi tunani sau biyu kafin ya rushe shi.